Soron Barau da Dutsen Murhu na Uku

Kakata, wadda muke kira Dada, ba ta taɓa rabuwa da wuta ba. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da mutanen unguwarmu, Ƙofar Ran, ke shimfiɗa tabarmi a tsakar gida suna fifita da faifai, ita tana cikin madafinta, ta miƙe ƙafa gaban murhu, ta lulluɓa da tsohon mayafi. In ta kama hannunka sai ka ji kamar ka tsoma shi a randa. Mu yara mun ɗauka tsufa ne. Ba mu san sanyin nan ya girme mu ba, ya girmi iyayenmu ma.

Gidanmu irin na da ne, sassa huɗu, zaure ɗaya. Madafin Dada yana can ƙurya, jikin katangar baya, ɗan ɗaki mai rufin azara wanda hayaƙi ya mayar baƙi wuluk. Da an idar da sallar isha'i sai mu taru a ciki, ni da ƙanwata Ladidi da 'ya'yan baffanninmu, mu matsu kamar 'yan tsaki. Lokacin da ya fi zauna mini a rai shi ne ƙarshen damina. Ruwa na zuba daga indararo, masara na fashewa a bakin garwashi, Dada na juya ta da yatsu ko a jikinta.

Ni take kira maigida, irin wasan kaka da jika. In na shigo sai ta ce ga mijinta nan ya dawo hannu rabbana, ba cefane sai baki. Ni kuma in ce zan sake ta in auri mai haƙora. Ta ce ai ba wadda za ta karɓe ni da wannan kai kamar tulu, sannan ta miƙo mini masarar da ta fi kowacce ƙonewa.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, na kura, na zomo, na mutanen da wayo ya kai su ya baro. Amma akwai labari ɗaya da ba ta bayarwa sai sau ɗaya a shekara, ranar da aka fara shigo da sabon gero gidan. Ran nan ba ta buɗewa yadda ta saba. Takan jira har mu daina motsi, sannan ta ɗora tafin hannunta a kan ɗaya daga duwatsun murhunta uku. Wannan dutse daban yake da sauran biyun. Baƙi ne sumul, da wata 'yar lotsa a gefe kamar an danna shi da babban yatsa tun yana ɗanye.

"Wannan ba ga ta nan ba ce," in ji ta. "Ga ta can a kan dutse. Wanda bai yarda ba ya je ya gani."

Ba wanda ya taɓa amsa mata da ta zo mu ji ta.

Ta ce a hanyar Zungur, in ka bar gari har ganuwa ta ɓace maka, akwai wani dogon dutse da gefensa ɗaya ya yanke tsaye kamar an sare shi da wuƙa. A gindinsa akwai fadama da fili mai albarka. Wani madugu mai suna Barau, wanda ya tara dukiya da fataucin goro da gishiri, ya samu filin ya kafa gandu. Da arziki ya yi masa yawa sai ya ce ba zai zauna ƙasa tare da manomansa ba. Soro yake so a kan dutsen, daidai bakin gefen nan da ya yanke, inda ƙasa ke can nesa kamar rami, yadda zai zauna a taga ya ga gandunsa kaf, duk ayarin da ya ɓullo kuma ya hango zankwayensa tun daga nesa.

Magina da yawa suka je suka duba, suka ba shi haƙuri, domin ba a haƙa tushe a kan falalen dutse. Wanda ya karɓi aikin shi ne Malam Gambo, magini ɗan cikin gari, wanda ake cewa in ya ɗaura bakan rufin soro ko giwa ta hau ba ta motsa shi. Shi ne mahaifin Dada. Amma a cikin labarin ba ta cewa babana. Malam Gambo take cewa, kamar wani baƙo.

Dabararsa ita ce, tunda ba za a haƙa ba, a jera manyan duwatsu a kan falalen, a cike tsakaninsu da laka mai ƙarfi su zama tushe, sannan a ɗora tubali. Hawo da ƙasa da ruwa kaɗai ya isa wahala, domin jaki ba ya hawa, sai dai a kai. Balle duwatsu. To a saman akwai kufai. Mutanen dutse ne suka zauna a can tun kaka da kakanni, zamanin da ake gudun hari. Da aka samu zaman lafiya sai suka sauko gindi suka yi bukkoki kusa da gonaki. Abin da suka bari a sama shi ne zagayen ɗakuna, da gindin rumbuna, da ramukan niƙa. Malam Gambo ya duba ya ce ga duwatsu nan an tara masa. Ya sa aka kwashe.

Cikin abin da aka kwaso akwai wasu uku baƙaƙe da aka samu a kafe a wani lungu, da toka a tsakaninsu. Duk wanda ya gani ya san murhu ne. Shi ma ya sani. Amma da idon magini ya dube su: dutsen da ya sha wuta shekara da shekaru bai tsage ba, ba abin da zai tsaga shi kuma. Sai ya ware su, ya sa su a inda ya fi jin tsoro, wato kusurwar da ke leƙa ramin, inda ƙafar babban baka za ta zauna.

A nan Dada takan tsaya ta gyara itace. Ta ce mutumin birni in ya ga gida ba rufi ba kowa, sai ya ce kufai ne, ba na kowa ba ne. Ba ya tambaya.

Bayan girbi aka fara, kafin ruwa ya sauka an rufe. Ɗaki a ƙasa, bene a sama, zankwaye huɗu. Aka shafe shi da makuba, in rana za ta faɗi sai ya yi ja kamar garwashi a kan dutsen. Damina ta zo ta wuce ko tsaga babu. Mutane suka riƙa zuwa kallo daga cikin gari, suka sa masa suna Soron Barau. Madugu ya ba Malam Gambo riga da saniya.

Da kaka ta kewayo, ana cikin yaɓen ƙarshe kafin Madugu ya tare, sai ga wata tsohuwa ta hawo, ƙwarya a kafaɗa, 'yan itatuwa a hammata. Ta wuce masu aiki ba ta dube su ba, ta nufi wancan lungu. Ta daɗe a tsaye tana kallon ramuka uku a ƙasa.

Al'adarsu ce, in ji Dada, duwatsun murhu na mace ne, daga uwa zuwa 'ya. Da suka sauko ba su ɗauke su ba, saboda a kansu aka dafa wa iyayensu da ke kwance a kogunan dutsen, kuma ba sa raba mamaci da murhunsa. Kowace kaka babbar mace ta gidan takan hau ta dafa sabon gero a kansu, ta ci lomar farko a can, sannan mutanen gida su sa sabon hatsi a baki. In ba a yi haka ba, ko rumbu ya cika har wuya ba mai taɓa shi.

Tsohuwar ba ta tambayi kowa ba. Ta bi jikin soron tana shafa gindin bango da hannu, a hankali, har ta kai kusurwar nan da ko maza sai da rarrafe suke zuwa. Yaɓe ya rufe komai, ba a ganin dutse ko ɗaya. Amma ta tsaya, ta ce ga su nan.

Aka kira Malam Gambo. Ba mugun mutum ba ne. Ya ba ta haƙuri, ya ce zai sa a kai mata har gida duk waɗanda ta ga dama, ya haɗa mata da zane.

"Iya, dutse ai dutse ne. Zaɓi wasu uku."

"Uwa ma ai uwa ce," ta ce masa, da Hausarta da ba ta gama fita ba. "In taka ta ɓata, je kasuwa ka zaɓi wata."

Maganar ta tsaya masa. Ya je ya samu Madugu, Madugu ya yi dariya har da buga cinya, ya ce a rushe soro guda saboda murhun tsohuwa? A ba ta damin gero ta tafi. Tsohuwar ba ta karɓa ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye ƙwaryar geronta a gindin bangon, ta jera itatuwan a gefe kamar mai shirin dawowa, ta sauka.

Kowace shekara a daidai nan Ladidi take tambaya ko tsohuwar ta tsine wa Malam Gambo. Kowace shekara amsar ɗaya ce.

"Da ta tsine ai da sauƙi, 'yar nan. Tsinuwa malam na karya ta. Wannan ba ta ce komai ba."

Madugu ya tare da iyalinsa. Ran farko mata suka zo hura wuta, ta ƙi kamawa. Itace busasshe ne ƙayau, amma hayaƙi kawai yake yi. Aka ɗebo garwashi daga ƙasa a kasko, da an tsallaka bakin ƙofa sai ya zama gawayi. Fitila tana ci lafiya lau. Wutar girki ce kaɗai ta ƙi.

Amma da la'asar sakaliya, lokacin da mata ke ɗora tukunya a ko'ina, sai ɗakin ƙasa ya cika da ƙanshin tuwon gero. In ka ɗora hannu a bango ta ciki, wuri uku za ka ji ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi. Wasu suka ce suna jin muciya na bugun gefen tukunya, yadda mace ke yi in ta gama tuƙi tana karkaɗe ta. Dada takan ɗauki ɗan itace ta buga dutsen nan baƙi, ƙwas, ƙwas, ta bar tazara mai tsawo, ta ƙara ɗaya. Har yau in matata na karkaɗe muciya sai na ɗago kai.

Aka kawo malamai, suka yi karatu, suka yi turare. Wani tsoho a cikinsu ya shafa bangon, ya naɗe buzunsa, ya ce da aljani ne da ya kore shi. Wannan haƙƙi ne, shi kuwa ba a korarsa, mayar da shi ake yi. Madugu bai cika mako biyu ba ya sauko, wai iskar sama na sa masa ciwon gwiwa. Ya sa aka garƙame ƙofa.

Da a nan abin ya tsaya, da labarin dariya ne. Amma alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Malam Gambo yana da 'ya ɗaya tilo, Dije, 'yar shekara shida, mai ƙiba da surutu. Sai ta fara ƙin abinci. In an miƙa mata sai ta ce ta ci. A ina? Wajen Iya mai ƙwarya. Yarinyar da ba ta taɓa fita Ƙofar Ran ba, sai ga ta tana ba da labarin wani ɗaki mai taga, in ka leƙa ba ƙasa sai tsuntsaye. Ta ce a can wata tsohuwa ke tuƙa mata tuwo in ta kwanta barci, tana cewa ci, ci, mu a gidanmu ba a ci ba tukuna. Da safe gashin yarinyar warin hayaƙi yake, alhali a ɗakin uwarta ta kwana. Ta rame har idonta ya faɗa, hannuwanta suka yi sanyi. An yi rubutu, an yi saiwa, an kira wanzami, shiru.

Sai labari ya zo daga gandu cewa gidan tsohuwar rumbunsu a cike yake, a liƙe, tafasa da saiwoyin daji suke ci. Ita kuwa tsohuwar tun ranar da ta sauko ba ta sa komai a baki ba sai ruwa, tana kwance.

Uwar Dije ba mai yawan magana ba ce. Wata safiya ta tare mijinta a bakin ƙofa ta ce, "Malam, sunanka yana kan dutse, 'yarka tana kan tabarma. Ka zaɓi wanda za ka ɗauka."

Ya koma wajen Madugu. Madugu ya ce in ya kuskura ya taɓa masa bango sai sun haɗu gaban alƙali. Saboda haka bai nemi kowa ba. Bayan sallar asuba ya ɗauki azara biyu da ƙarfen tono, ya hau shi kaɗai. Ya ɓalle ƙofa, ya tokare ƙafar bakan da azara, ya kwanta rub da ciki ya fara tono ta ciki. Na farko ya fito da hantsi, da ɗuminsa. Na biyu ya fito da rana ta take. Ya mirgina su waje, nesa da baki. Na uku shi ne na can waje, shi ke ɗauke da nauyin duka. Ba wanda ya fi shi sanin haka, tunda shi ya sa shi da hannunsa. Ya fita ya yi azahar, ya dawo, ya zura hannun dama.

Waɗanda ke gandu suka ji ƙara kamar aradu, ga sama tas ba gajimare. Da suka hau suka tarar kusurwar ta tafi gaba ɗaya. Malam Gambo na kwance, rabin jikinsa a kan iska, hannunsa na dama a ƙarƙashin azara, ya niƙe. Dutse na uku ya bi ɓaraguzai ƙasa.

Yana cikin wannan hali ya roƙa a kai biyun gidan tsohuwar. Aka kai da yamma, aka tarar an dawo daga binne ta. 'Yarta ce ta karɓa. Ta juya su, ta kafa su a ƙasa, ta ce saura ɗaya. Ta kifa fasasshiyar tukunya a madadin na uku, ta dafa sabon gero, gidan suka ci. A wannan yammacin, can cikin gari, Dije ta buɗe ido ta ce a ba ta kunu.

A nan ne kaɗai Dada take barin sunan Dije. Takan miƙa hannuwanta biyu saman wuta ta ce, "Biyu aka mayar, shi ya sa na rayu. Ɗaya ya rage, shi ya sa nake jin sanyi."

Madugu ya fusata, ya ce mutanen dutse ne suka yi masa asiri, ya kore su daga gandun. Malam Gambo ya yi watanni a hannun maɗori. Da ya miƙe sai ya koma gindin dutsen, ya yi rani guda yana tonon ɓaraguzai da hannun hagu, har ya gane dutsen da lotsar nan. Amma masu shi sun tashi, ba wanda ya san inda suka nufa. Bai sake gini ba har ya mutu. Kanwa da gishiri yake kasawa a ƙofar gida, duk baƙon da ya tsaya sai ya tambaye shi ko ya san wasu mutane masu murhu da dutse biyu. Da ajali ya zo ya ba Dije dutsen, ya ce ajiya ce, kada ta bari ya huce, kada kuma ta bari a sa shi a gini.

Soron kuwa, an sha gyara kusurwar, kowace damina ta zube. Da Madugu ya rasu magada suka raba gandu, ba wanda ya ce a ba shi soron. Turawa suka zo suka ga iska mai daɗi, suka rufa kwano a gefen da ya faɗi, suka mayar da shi masaukin rangadi. Kukunsu a gindin dutse yake girki, kafin ya hau da abinci ya huce. An ce akwai wani Bature da kullum da yamma sai ya tambaya wa ke girki a ɗakin ƙasa. Su ma suka bari. Masu gadin daji suka ɗan zauna, sai mafarauta masu fakewa ruwa, daga nan sai jemagu da rema. Dada ta ce har yanzu wuta ba ta kamawa a ciki, kuma wuri ɗaya ne kawai ya rage mai ɗumi, a bakin ramin, inda babu dutse sai iska.

Daga nan sai ta fara raba mana tumu. Ladidi ta ce, Dada, ba ki ce ƙurunƙus ba.

"Ba ta ƙare ba. Ina zan samo ƙurunƙus?"

Mukan fita a guje, kowa na gudun ya zama na ƙarshe.

Na zama saurayi lokacin da ciwon ajali ya kama ta. Ta yi mako biyu a asibiti, ba wanda ya hura wuta a madafinta. Wata rana aka aike ni ɗauko mata mayafi. Ban san abin da ya sa ba, na durƙusa na taɓa duwatsun. Biyu sanyi ƙalau. Na ukun kamar goshin mutum. Ban gaya wa kowa ba. Da na kai mata mayafin ta kama hannuna, ta dube ni, kamar ta san inda ya taɓa.

"Maigida, ba ka taɓa kawo mini cefane ba. To ga aike. Ka mayar musu."

Shekaru suka yi ta tafiya. Na zama mai gyaran keke a bakin titi, na yi aure, na haihu. Dutsen yana ƙarƙashin gadona a cikin buhu. A gidana da kurfotin gawayi ake girki, sai nakan fito da shi in jingina shi kusa, matata tana cewa kishin Dada ne bai bar ni ba. Da aka raba gidan gado aka fara ginin bulo, saura ƙiris a maimaita kuskuren. An fitar da kayan ɗakina tsakar gida, leburori suka haɗa dutsen da na gini. Na dawo ɗaukar wata sifana da na manta, sai na hango shi a ramin tushe, birkila na shirin zuba masa siminti. Na faɗa ramin da kayan jikina. An daɗe ana yi mini dariya a unguwa.

Sau ɗaya na je na ga soron da idona. Bango ya rage iya ƙirji, zanko ɗaya ne a tsaye, kusurwar nan a buɗe tana kallon sarari. Na tara busasshiyar ciyawa a tsakar ɗakin na ƙyasta ashana. Ta ci, na kai ta jikin ciyawar, sai hayaƙi. Wataƙila iska ce. Ban gwada na biyu ba.

Duk mutumin ƙauye da ya kawo mini keke sai na yi masa tambayar Malam Gambo. Shekara fiye da ashirin ba labari. Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi da yamma a makarantar unguwa. Wata rana malama ta ce kowa ya rubuta sunan wani abu na gidansu a allo, ya faɗi labarinsa. Wani mai gadi da muke zama benci ɗaya, Ayuba, ya tashi ya rubuta murhu, da ƙyar, haruffan na hawa tudu. Ya ce nasu na ƙauye abin dariya ne, dutse biyu da rabin bulo. Ya sha cewa zai kawo uku masu kyau, tsohuwarsa ta hana, wai na ukun tafiya ya yi, zai dawo.

Ajin ya kwashe da dariya. Ni alli ne ya faɗi daga hannuna.

Sai da aka tashi na ba shi labarin dutsen. Ban kuma je nan da nan ba. Saura wata biyu a yi girbi, sai na jira. Wanda ya jira shekara ashirin ba zai kai irin wannan aike ba sai a kan lokacinsa.

Ƙauyen yana can bayan Zungur da nisa, inda mota ke ajiye ka ka ƙarasa da ƙafa. Da aka yi girbi muka tafi ni da Ayuba, muka isa da hantsi. Mahaifiyar Ayuba tsohuwa ce tukuf, idonta ya yi fari, tana zaune a inuwar rumbu. Na durƙusa na gaishe ta. Ban kwance buhun ba, Ayuba ma bai yi mata bayani ba, don ya ce kada a sa mata rai a banza. Sai ta juya fuskarta, ba wajena ba, wajen buhun.

"Kun daɗe," ta ce.

Ta sa aka janye bulon. Ta karɓi dutsen ta shafa, babban yatsanta ya tafi kai tsaye cikin lotsar. Ta ce kakarta ce ta karɓi biyun, ita ta gaya mata alamar. Ta tambaye ni a hannun wa ya zauna, na ba ta labarin Dada. Ta ce ta sha sanyi ko? Na ce har ta mutu. Ta ce Allah ya ji ƙanta, su ma tukunyarsu ba ta taɓa zama daidai ba. Aka kafa dutsen, aka ɗora tukunya, ta zauna daram. Tsohuwar da kanta ta tuƙa sabon gero, ta ci lomar farko, ta miƙo mini ta biyu.

Da nake yaro tsohuwa mai ƙwarya nake tsoro. Da na girma sai na koma tausayin Malam Gambo. Yanzu abin da ya rage mini shi ne 'yar maganar nan da Dada ke yi tana gyara itace: ba ya tambaya. Malam Gambo ba ɓarawo ba ne. Ya ga abu a yashe, ya ga amfaninsa, ya ɗauka. Tambaya ɗaya da ya yi, da ya mutu da hannunsa, da tsohuwa ta ci geronta, da 'yarsa ta san daɗin bazara. In na bi ta Inkil, can bayan gari, na ga yadda gari ke cinye gonaki, ana tumɓuke tsoffin kukoki ana zagaye fili da katanga, nakan ce ko an tambaya. Abu da yawa da muke gani a yashe akwai mai hawowa wajensa sau ɗaya a shekara, da ƙwarya a kafaɗa.

A hanyar dawowa mota ta bi ta gindin dutsen, rana na shirin faɗuwa. Na leƙa ta taga na hango kangon soron a sama. Wani siririn hayaƙi na tashi daga cikinsa a miƙe, a ƙarƙashinsa kuma ga jan wuta tana ci sosai. Ko makiyaya ne, ko mafarauta, ban sauka na duba ba.

Da na iso gida na zura hannu ƙarƙashin gado, inda buhun ya yi shekaru. Sanyi ƙalau, kamar ko'ina. Na fita na je inda madafin Dada yake a da, wanda yanzu bangon shagon wani ne. Na tsaya jikinsa har masu wucewa suka ragu, sannan na ce a hankali, Dada, maigida ya kai aike. Ƙurunƙus.